Zuwa Kano Ta Yamma

Waya ce ta zuga ni. Na tambaye ta nisan filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato da na Malam Aminu Kano, ta ce kilomita kusan 370, tafiyar da ba ta cika awa ɗaya ba. Layin da ta zana ma ya ratsa ta wajen Bakura, har na fara lissafin zan leƙo ta taga in ga ko yara sun ba tumakina dusa a Birnin Tudu.

Ɗaurin auren ɗan ƙanwar Kawu ne a Kano, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Da na ce masa ni ta sama zan bi, sai ya ajiye carbi ya dube ni.

"Kai yaro, mi za ya kai ka Sakkwato? Kano gabas take."

Na ce, "Kawu, ai ilimi ne." A lokacin aikin filin jirgin Gusau da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a 2024 bai kammala ba, kuma hanyar Tsafe zuwa Funtuwa kowa ya san ba a bin ta sai da addu'a. Kawu ya ce addu'ar yana da ita. Ranar Alhamis muka rabu a tashar Mafara, shi ya yi gabas, ni na yi yamma da babbar riga ta sha guga.

Abin da wayar ta ɓoye shi ne, nisa daban, jirgin da zai kai ka daban. Mai sayar da tikiti ya ce babu mai zuwa Kano kai tsaye, sai dai in bi ta Abuja: kusan kilomita 490 zuwa kudu, sannan wajen 360 a dawo arewa. Na haɗa a kaina, na ga ɗari uku da saba'in ɗina sun haihu sun zama 850, kuɗin ma ya haihu tare da su. Girman rigar ya hana ni juyawa, na biya.

Sai hazo ya sauka. Lokacin hunturu ne, kuma in matuƙi ba ya hango titi daga nesa ba ya sauka, ko da Sarki ne ke jira. Wata murya ta riƙa ba mu haƙuri da Turanci mai laushi. Na ci gyaɗa, na ci biskit mai tsadar rabin kaza, na yi la'asar, na yi magariba. Kawu ya kira ya ce ya wuce Gwarzo, yana tambaya ko daga sama ina hango motarsu.

Washegari jirgin ya zo, mun kuwa sauka Abuja cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. A nan aka shaida mini na Kano ya tashi tun safe. Lokacin da liman ke cewa a shafa Fatiha, ina zaune kan kujerar ƙarfe ina rungume da jaka.

Bayan isha na isa gidan biki, an kwashe tabarmi, ana wanke tukwane. Kawu yana ƙofar gida yana sakace. Ya ce kasona na naman walima ya riƙe mini amana a cikinsa. Sannan ya tambaya ko ta sama zan koma, don ya riga ni gida ya ce wa iyali kada su tuƙa tuwo da ni.