Tsimin da Ya Zo a Makare

A shekara ta 52 kafin Miladiyya, Julius Kaisar ya ci garin Alesiya da yaƙi, ya tasa ƙeyar Vercingetorix, jagoran Gaulawa, mutanen ƙasar da ake kira Faransa a yau, zuwa Rum.

Sai a 1959 Faransawa suka rama, a kan takarda. René Goscinny da Albert Uderzo suka ƙago Asterix da ƙauyensa wanda ya gagari Rumawa, don bokansu na dafa wani tsimi. Kurɓa ɗaya, naushi ɗaya, sai sojan Rum ya yi sama, takalmansa na ƙasa. Abokin Asterix, Obelix, kuwa ko ɗanɗano an hana shi, wai tun yana ƙarami ya faɗa cikin tukunyar.

Tarihi bai yi wa bokayen gaske wannan kara ba. Marubucin tarihi Tacitus ya ce da Rumawa suka tsallaka zuwa tsibirin Mona na ƙasar Wales, wajen shekara ta 60 Miladiyya, bokaye sun jeru a gaɓa, hannaye sama, suna ta zuba tsinuwa. Asirin ya ci kuwa, sojoji suka daskare. Kwamandansu ya daka musu tsawa, suka farfaɗo, suka afka wa bokayen, sannan suka sare kurmin tsafinsu.