Mutanen da Ruwan Jabi Ke Tona wa Asiri

Daga Tungan Maje zuwa bakin teku tafiyar yini guda ce cur a mota. Shi ya sa idan Sallah ta zo muke yin karo-karo a ɗauki shatar bas, a bi ta Zuba da Dei-Dei da Kubwa, a sauka tafkin Jabi. Ba igiyar ruwa, ba gishiri, amma akwai kwale-kwale, akwai babur ɗin ruwa, ga katafaren rukunin kantunan da aka buɗe a bakinsa a 2015, ga kuma farashi irin na masu hannu da shuni. Fuskokin 'yan tafiyar kan sauya, halayen kuwa suna nan daram.

Shugabansu shi ne Na-taɓa-zuwa-Legas. Sau ɗaya ya raka kaya Apapa, maigidansa ya biya da shi ta Lekki, tun daga ranar duk wani ruwan Arewa ya shiga uku. Tun muna Dei-Dei yake buɗe lacca. Da an sauka sai ya gyara baƙin tabarau, ya ƙare wa tafkin kallo, ya taɓe baki: "Wai wannan ne? Ai a bakin tekun Elegushi wannan ruwan alwala ne." Zai ba ka labarin Tarkwa Bay da ba a zuwa sai ta jirgi, da gadar nan mai lilo ta gandun Lekki, mita 401, wadda ya ce ya tsallake hannu a aljihu. Idan ya zo kan rushe wurin shaƙatawa na Landmark da aka yi a 2024 saboda titin gaɓar teku zuwa Kalaba, har muryarsa rawa take yi, kai ka ce da kuɗinsa a ciki.

Sai a shiga jirgi. Injin na tashi, jirgin ya ɗan karkata a kwana, lacca ta tsaya cak. Hannu biyu ya damƙe ƙarfen kujera, tabarau ya zamo kan karan hanci ba halin gyarawa, leɓe sai motsi yake da salati. "Direba, don girman Allah a hankali, akwai mata a ciki!" Matan kuwa guɗa suke rangaɗawa. Ƙafarsa na taka ƙasa murya ta dawo: wai jirgin ne ƙarami, na Legas ba sa irin wannan rawar.

Akwai 'yar hoto. Ita ba hawa ta zo yi ba. Za ta lallaɓa mai babur ɗin ruwa ta ɗare a kai yana ɗaure a gaɓa, ƙanwarta ta tsuguna ta ɗauka ta inda igiyar ba za ta fito ba. Kafin magariba duk unguwa an gani a WhatsApp.

Ga Alhaji mai ciniki, wanda ke taya zagaye ɗaya kamar kwandon lemo a kasuwar Zuba. "Yaro, ruwan nan na Allah ne, man nawa za ka ƙona?" Ya juya zai tafi, ba wanda ya kira shi, ya dawo ya biya cif.

Baba mai labarin 'yan ruwa shi ma ba ya fashi. Ya san sunan aljanar da ke ƙasan tafkin da irin turaren da take so, alhali shi ya girmi tafkin.

Hajiya mai kuloli ce ke shan tsiya a bas, don kayanta sun cinye kujera guda. Da azahar, bayan 'yan gayu sun leƙa farashin abincin bakin ruwa, sai ka ga suna sulalowa gefen tabarmarta ɗaya bayan ɗaya: "Hajiya, sannu da hutawa. Dambun nan ya yi saura kuwa?"

Duk waɗannan ina yafe musu. Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne Jarumi. An miƙa masa rigar ceto ya ture, wai za ta yamutsa masa shadda, kuma a rafi ya tashi. A tsakiyar ruwa ya miƙe tsaye yana jijjiga jirgi don 'yan mata su yi ihu, ga yaran mutane a ciki sun ƙanƙame juna. Matuƙi ya ce ya zauna, ya ce kuɗinsa ya biya. Ka yi masa magana ya ce kowa da ajalinsa. A watan Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a kogin Kwara, yankin Patigi, suna dawowa daga biki. Wanda ya ji wannan bai girgiza ba, to ya je ya gwada ajalinsa shi kaɗai, ya bar wa mutane 'ya'yansu. Bana ko ninki biyu zai biya, ba shi da kujera a bas ɗinmu.

Saura mutum ɗaya: mai gadin takalma. Kullum shi ke sadaukar da kansa ya zauna ƙarƙashin bishiya da jakunkuna da wayoyin jama'a, yana ɗaga wa masu jirgi hannu, yana rubuce-rubuce a kan halayen mutane. Masu baƙin baki na cewa tsoron ruwa ne. Su yi ta faɗa. Ni dai a hannuna ko silifa ƙafa ɗaya bai taɓa ɓata ba.