Bazazzagi Ya Koma Kwamfuta, Kyanwa Ta Shiga Uku

Malam Bazazzagi, bawana na gado. Labari ya riga ka isowa Kano. Wai da ka cika shekara 35 a aikin gwamnati aka sallame ka, maimakon ka shimfiɗa buzu a gindin darbejiya, rediyo a kunne, carbi a hannu, kamar kowane dattijo mai mutunci, sai ka share zaure, ka jera tsofaffin kwamfutoci uku, ka tara 'ya'yan unguwa za ka koya musu rubuta manhaja. Ikon Allah! Tsohon doki ya ji kiɗan sukuwa.

Ni fa na san ka tun zamanin kati, kada ka yi mini burga. A Samaru, ƙarshen shekarun 1970, kana huda katin nan mai gurbi 80, kowane kati layi ɗaya na yaren FORTRAN, ka ɗaure su da roba, ka miƙa ta taga, a ce ka dawo gobe. Goben ka dawo, a ba ka doguwar takarda, duk abin da ke cikinta shi ne ka manta waƙafi guda. Ka tuna ranar da robar ta tsinke, iskar hunturu ta kwashi katunan, muna dariya kana bin su har bakin kwata? Daga nan ofis ya haɗiye ka, fayil da taro da sa hannu, kwamfuta ta zama abin da sakatare yake taɓawa.

Yanzu ka dawo ka tarar duniya ta yi gaba. An ce ka fara yaran da Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, mai kyanwar nan ruwan lemo. Babu rubutu, jawo umarni kawai ake yi ana ɗora shi kan wani kamar jeren bulo. Kana tsaye kana lacca kan tarihin IBM, wata 'yar shekara tara ta riga ta sa kyanwar rawa da kuka. Ka gyara tabarau ka ce, "Kai, wa ya sa kyanwan ya tafi?" Ga mutumin da zai koya wa yara yaren da ba ya yafe kuskuren harafi ɗaya, alhali shi har gobe "matana ya zo" yake cewa.

Da ka koma yaren Python ma ba ka tsira ba. Kwana biyu kana laluben GOTO, umarnin da ka girma da shi, ba ka san babu shi a ciki ba. Tun 1968 Edsger Dijkstra ya yi masa tofin Allah-tsine a wata wasiƙa, amma da alama wasiƙar ba ta iso Zariya ba. Kuma ka daina tsorata yara da cewa Python sunan mesa ne. Daga wani shirin barkwanci na Ingila aka samo shi.

Na san hujjarka, don ka faɗa mini sau bakwai: Guido van Rossum, mutumin Holan da ya fitar da Python a 1991, ya yi ritaya a 2019, zaman ya gundure shi, ya koma aiki a 2020. Gaskiya ne. Sai dai shi Microsoft ce ta ɗauke shi, kai kuwa albashinka rake ne da "sannu Baba". A shekarar ce kuma gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito neman tsofaffin masana yaren COBOL, ka yi mako guda wayarka na jikin caji. Ko filashin.

Abu ɗaya zan ba ka, shi ma don babu kowa a kusa. Jikana da ya yi hutu a wurinka ya ce idan aka ɗauke wuta ba ka sallamar su. Kakan mai da yaro ɗaya mutum-mutumi, sauran su ba shi umarni, taku uku, juya dama, ɗauki buta, in sun yi kuskure ya tunkuyi bango, su koma takarda su bi layi-layi da fensir har su gano inda suka ɓata. Wannan haƙurin kati ne ya koya maka shi, wanda gwajinsa ɗaya ne a yini. Yaron ya dawo yana gyara wa kakarsa jerin yadda ake dafa shayi, har ta kusa jifansa da ludayi.

Saboda haka zan turo maka jikoki biyu a dogon hutu. Kada ka soma yi mini maganar kuɗin makaranta, bawa ba ya cajin ubangidansa. Kuɗin sharar bara ma ina bin ka, ka haɗa da na bana kafin watan cika-ciki ya wuce.