Bazazzagi Ya Kunna Esi a Tsakiyar Hunturun Amurka

Bazazzagi, ina gaisuwa, ko da yake a ƙa'ida bawa ne ke fara gai da ubangidansa. Na yi maka uzuri don na ji an ce yatsunka sun ƙage, ko wayar hannu ba ka iya latsawa. Labarinka ya riga ya iso Kano. Uwargidanka ta faɗa wa 'yar uwarta, ita kuma ta roƙi tawa uwargidan kada ta faɗa wa kowa, shi ya sa nake rubuta shi a jarida. An ce a watan Janairu, a jihar Merilan ta Amurka, dusar ƙanƙara na zuba a waje, kai kuma ka kunna wa iyalinka esi a cikin gida. Yara sun zauna a falo da hular sanyi da safar hannu, fate yana hucewa tun kafin ya bar ludayi. Sannu da aiki, Injiniya.

Mafarin abin araha ce. A rangwamen da shagunan can ke yi a ƙarshen Nuwamba ka ci karo da sabon tamostat, wato na'urar daidaita zafin ɗaki, irin wanda ake sarrafawa da wayar hannu, ka saye. Mai gyara ya faɗi kuɗin ɗaurawa, ka lissafa shi da naira, hankalinka ya tashi, ka ce mutumin da ya yi boko a Samaru ba zai biya wani don waya shida ba. Ka manta digirinka na tarihi ne. Ku ne kullum kuke yi mana gorin son kuɗi, to ga shi mu Kanawa mun san inda ake kashe kobo don a tsirar da sule.

Tunda tarihi ka karanta, bari in fara maka da shi. Wanda ya yi rajistar ɗaya daga cikin na'urorin farko na wannan aiki a 1883 malamin makaranta ne kamarka, Warren Johnson, a garin Whitewater na jihar Wiskonsin. Ya gaji da masu kula da wutar ɗumama makaranta da ke shigo masa aji suna duba zafin ɗaki, sai ya ƙera abin da zai aika musu da saƙo daga nesa. Malami ya ƙirƙira, bayan shekara fiye da 140 wani malamin ya kasa ɗaurawa.

Yanzu ka nutsu ka ji abin da ke gidanka, don alamu sun nuna ba ka san shi ba. Injin nan da suke kira famfon zafi ba ya ƙona gas, ba ya hura wuta. Esi ne mai iya aiki gaba da baya. Aikinsa irin na ɗan ga-ruwa ne, wanda ba shi ke yin ruwan ba, ɗebo shi yake yi daga wani wuri ya kai wani. Da bazara injin yana kwashe zafin ɗaki ya zubar a waje. Da hunturu yana tatso ɗan zafin da ya rage a iskar waje, ko da ana ƙanƙara, ya shigo da shi ɗaki. Abin da ke juya masa hanya wani bawul ne da ke cikin injin waje, kusa da kwamfireso. Shi kuwa tamostat da ka ɗauka wata babbar ƙwaƙwalwa ce, makunni ne kawai. Akwai ƙaramar taransifoma a injin cikin gida da ke sauke wuta zuwa bolt 24, tamostat ya karɓe ta ya tura wa wanda ya kamata ya tashi aiki.

Kowace waya da harafinta. R ita ce mai kawo wutar, yawanci ja ce. C ita ce hanyar komawar wuta, da ita sabbin na'urori masu allo da intanet ke samun abincinsu ba yankewa. Y tana tayar da kwamfireso. G tana tayar da fankar cikin gida. O ko B tana juya bawul ɗin nan. Sai W2 ko Aux, wani lokaci da E a gefenta, wadda ke kunna hitar lantarki ta ko-ta-kwana da ke ɓoye a cikin injin gida. A gidan da ke ɗumama da gas, W ce ke kawo zafi. A naka gidan Y ce ke aiki rani da hunturu, bawul ne ke yanke hukuncin zafi za a samu ko sanyi. Duk wanda bai riƙe wannan ba, sukundireba a hannunsa makami ne.

Laifinka na farko, ka cire tsohon tamostat ba ka ɗauki hotonsa ba. Kai da ko kwanon fate aka ajiye maka sai ka ɗauka ka tura mana. Na biyu, ba ka kashe wuta daga babban akwati ba, ka ce ai bolt 24 ba ta kashe mutum. Gaskiya ne kana nan da ranka, amma da jar waya ta shafi C, sai ka ji ɗan ƙyas, komai ya mutu. Ka ɗaura sabon tamostat allo bai kawo ba, ka mayar da tsohon shi ma shiru, ka dawo kana zagin masu shago sun sayar maka da jabu. Alhali a jikin allon injin cikin gida akwai wani ɗan fis, irin na mota sak, mai amfiya 3 ko 5, wanda kuɗinsa bai kai na shayi da burodi ba. Shi ne ya sadaukar da kansa don taransifoma ta tsira. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kuma na ji har ka fara neman zaren waya za ka naɗa a gurbinsa, yadda ake yi a shagon unguwa. Allah ya saka wa uwargida da ta riƙe hannunka, don da ka yi haka taransifomar ce za ta ƙone a madadinsa.

Da aka sa sabon fis sai ka koma bin launi. Ka ga waya shuɗiya, ka ga rami an rubuta O/B, ka tuna cewa da B sunan shuɗi ke farawa a Turanci, ka cusa ta, mai ruwan goro kuma ka bar ta tana lilo a bango. To shuɗiyar nan ita ce C a gidanka. Da na'urar ta tura wuta ta wannan rami sai ta haɗa R da C kai tsaye, fis na biyu ya bi na farko. Launi al'ada ce kawai, babu dokar da ta tilasta shi. Wanda ya ja wayar gidan shekarun baya yana iya amfani da abin da ke jakarsa. Shuɗiya tana iya zama C a wani gida, ta zama B a wani, kuma a wasu tsofaffin injinan Trane harafin B ɗin ma shi ne madadin C. Gaskiyar magana tana can ƙasa a injin cikin gida. Ka kashe wuta, ka buɗe murfinsa, ka duba kowane launi a kan wane harafi aka ɗaure shi. Wadda ba ta sauka a allon injin ba, ka bi ta, za ka ga an murɗe ta da wayar da ta fita zuwa injin waje.

Sai babban wasan. Wayoyi sun shiga ramukansu, allo ya kawo, na'urar ta tambaye ka: bawul ɗinka O ne ko B? Ma'anar tambayar ita ce yaushe za a tura wa bawul wuta. Yawancin injina, irin su Carrier da Trane da Lennox da Goodman, ana ba bawul wuta ne lokacin sanyaya ɗaki, wannan shi ne O. Rheem da Ruud kuwa lokacin ɗumamawa suke ba shi, wannan shi ne B. Kai ba ka fita ka karanta sunan da ke jikin injinka ba, ka rufe ido ka zaɓi B. Ban yi mamaki ba. Mutanen da a bakinsu ko amarya “ya zo” ne, ta ina za su bambance O da B? Sakamakon shi ne duk lokacin da ka nemi zafi, bawul ya juya zuwa sanyi. Ka ƙara lamba zuwa 75, injin ya ƙara ƙwazo wajen kwashe ɗan ɗumin da ya rage a ɗakin yana kai wa tsuntsayen waje. Da ka tambayi kowane yaron shagon gyaran firji a Kano, da ya ce maka ka je ka taɓa kakkauran bututun da ya fito daga injin waje. In ana ɗumama ɗaki, zafi za ka ji. In ka ji shi sanyi ƙalau, to injin yana aikin bazara ne. Gyaran bai wuce latsa allo ka mayar da B zuwa O ba.

Maimakon haka sai ka gano wani maɓalli na zafin gaggawa, ka danna, ɗaki ya ɗau ɗumi, ka yi ta buga ƙirji kana aiko mana da saƙon murya cewa ka gyara. Gyaran gangar Auzinawa. Wannan maɓalli kashe famfon zafin yake yi gaba ɗaya, ya bar hitar lantarki ita kaɗai, kuma irin waɗannan hita suna zuwa ne da kilowat 5 ko 10 ko 15. Yi lissafi da kanka: kilowat 10 na awa goma, yunit ɗari ke nan. Famfon zafi kuwa a kowane yunit ɗaya na wuta yana ba ka zafin yunit biyu zuwa uku, don ɗebowa yake yi. An tanadi maɓallin ne don ranar da injin waje ya lalace, kai ka mai da shi na kullum. An ce da takardar kuɗin wuta ta zo, sai da ka zauna a ƙasa ka nemi ruwa. Can kuma babu wanda za ka kira gefe ka ce a duba maka.

Ko bayan da ɗan maƙwabcinka ɗan sakandare ya zo ya gyara maka O ɗin, ba ka bar mu mun huta ba. Wata safiya ka hango farin hayaƙi na tashi daga injin waje, fankarsa ta tsaya cak, ya yi wani dogon huci. Ka fito da gudu da jallabiya da silifas a cikin ƙanƙara kana salati, saura ƙiris ka kira 'yan kwana-kwana. Tururi ne, Malam. Idan ana sanyi da laima, ƙanƙara takan taru a jikin injin waje, sai shi da kansa ya juya bawul na 'yan mintoci ya tura zafi ya narkar da ita, hitar gaggawa kuma ta riƙe ɗaki kafin ya gama. Lafiyarsa ke nan. Haka ma in ka kunna ka ji shiru, kada ka hau jijjiga wayoyi, yawancin na'urorin suna jiran minti biyar kafin su sake tayar da kwamfireso don kada ya lalace. Kuma iskar da famfon zafi ke hurowa ɗumi-ɗumi ce, sau da yawa ba ta kai zafin jikin mutum ba, shi ya sa in ka kara hannu za ka ji kamar ba ta aiki alhali ɗaki yana ɗumama.

Saboda 'yan uwanka Zage-zagi da ke Amurka da Kanada, ga tsarin a taƙaice. A kashe wutar injin ciki da ta injin waje kafin a taɓa komai. A ɗauki hoton tsohon tamostat, a liƙa wa kowace waya harafin ramin da ta fito. In allo ya ƙi kawowa, a sa mita tsakanin R da C, ya kamata a ga bolt 24 ko ɗan sama da haka. In babu, a duba babban akwatin wuta, a tabbatar murfin injin ciki ya rufu sosai don yana da makunnin da ke yanke wuta in an buɗe shi, a duba fis, a kuma duba bututun zubar ruwa, don wasu injinan suna da makunnin da ke kashe su in ruwa ya taru. Wajen saiti a faɗa wa na'urar cewa famfon zafi ne, a zaɓi O ko B bisa takardar injin. A gwada zafi, a gwada fanka, sanyi kuma a bari sai gari ya yi ɗumi. Amma wanda ya cire murfi ya ga wayoyi masu kauri biyu ko huɗu, ya mayar ya rufe, wannan wutar gida ce mai bolt 120 ko 240, ba ta san abokin wasa ba. Haka in sabon fis ya sake ƙonewa bayan komai yana gurbinsa, to wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe a wani wuri, ko wani abu ya ƙone a injin waje. Nan aikin mai gyara ne, a biya shi haƙƙinsa.

Hukuncinka kuwa ga shi. An hana ka riƙe sukundireba har hunturu ya fita, uwargida ce za ta ajiye akwatin kayan aiki. Za ka saya wa ɗan maƙwabcinka tukuici, ka kuma ninka mini kuɗin shara na bana tunda darasin nan kyauta na ba ka. In kana da martani, filin nan a buɗe yake mako mai zuwa, amma ka haɗo da hoton takardar kuɗin wutar, masu karatu suna son su ga lambar da idonsu.