Likitoci Kafin Allura

Ranar da sunan yaro ya fito cikin waɗanda aka ɗauka karatun likita, ranar sunansa na yanka ke ɓacewa a unguwa. Karatun shekara 6 ne a takarda, in ba a haɗu da yajin aikin malaman jami'a irin na 2022 da ya cinye wata 8 ba, amma wa zai jira? "Likita, an zo hutu?"

Wanda sunan ya fi shiga wa kai shi ne ɗan aji ɗaya. Yana can jami'a a Samaru yana fama da fiziks, ko hanyar asibitin koyarwa na Shika bai sani ba, amma ya riga ya sayi farar riga da abin sauraron ƙirji, ya ɗau hoto ya sa a Facebook. Yana isa gida Goggo ta tare shi da ciwon gwiwarta. Sai ya haɗe gira, ya kama mata wuyan hannu yana kallon agogo, can ya nisa ya ce, "Goggo, a rage gishiri." Washegari Goggo na shaida wa maƙwabta cewa yaron nan hannunsa da albarka.

A aji biyu ake gane maza. Akwai mai cika bakin cewa shi jikan mahauta ne, jini ba ya ba shi tsoro. Ana yaye ƙyallen gawar farko, warin maganin adana gawa ya bugi idonsa, sai ga shi ana yi masa fifita da littafi. Wata guda ba ya kallon tsire. Yarinyar da ya yi wa alkawarin zai tsaya kusa da ita kuwa, ita ke riƙe da wuƙa.

Wadda na fi tsoro ita ce Malama "wallahi ban karanta komai ba". Daren jarrabawa za ta zo tana salati, ka tausaya mata, har ka ba ta haƙuri. Ƙasusuwan jiki 206, kowanne ta san shi da maƙwabcinsa. Sakamako na fitowa ita ce a sama, kai mai lallashi kana jerin masu maimaitawa.

Sai wanda ya nemi likitanci jami'a ta miƙa masa ilimin tsirrai. A gida Likita ake kiransa, shi kuma bai ga dalilin ɓata wa iyaye rai ba.

In an shiga asibitin koyarwa, sabon gwani ke bayyana: maɓoyi. A zagayen duba marasa lafiya ya san dogon da zai laɓe a bayansa. Babban likita na ɗaga kai da tambaya, shi kuma ya duƙufa rubutu kamar ana yi masa shifta. Ranar da dogon bai zo ba, shi ma zazzaɓi ke kama shi.

Akwai kuma mai fasfo a aljihu. Bai iya sa allurar ƙarin ruwa ba tukuna, jijiya uku yake ɓatawa kafin nas ta karɓe, amma ya haddace kuɗin jarrabawar PLAB ta Ingila da albashin likita a Saudiyya, kullum yana juya su zuwa naira. Ka tambaye shi maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya ce ai can inda za shi babu sauro.