Yadda Za Ka Ciyar da Babur Mai Batir a Ƙauye

Tsadar fetur ce ta koro mu duka, ba sai na tambaye ka ba. Tun da aka cire tallafi a 29 ga Mayun 2023, duk mai kai-komo tsakanin Dambatta da Makoɗa ya san abin da lita ɗaya take yi wa aljihu. Ka je Kano ka sayo babur mai lantarki, mai shago ya miƙo caja ya ce, "Alhaji, jona shi a soket kawai." To, ɗan'uwa, ga sauran zancen da bai gaya maka ba.

Na ɗaya, ka bincika ko akwai wani abu a cikin soket ɗin. Waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana 'yan Band A ne, kuma ba su san hanyar garinmu ba. Tamu sai tsakar dare take leƙowa, ƙwan ya yi ja kamar garwashin da ya kwana, caja ta yi ta ƙyafta ido har kiran sallar asuba, batir yana nan inda ka bar shi. Sitabilaiza tana taimakawa, in an kawo wutar ke nan. In tiransfoma ta buga kuwa, ka san sauran: taro a ƙofar mai unguwa, karo-karo gida-gida, a kai kuɗi, a ce sai an ƙaro na mai, a ƙara, sannan ƙarshen wata takardar bil ta iso lafiya lau, ba ta taɓa ɓatan hanya ba. Wallahi abin yana ci mini rai. A Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta fi mako a duhu. Mu a nan sai a rediyo muka ji wai wani sabon abu ya faru.

Na biyu, janareta. Ka sayi fetur domin ka caja babur ɗin da ka saya don gudun fetur. Mu wuce.

Sola ita ce maganar gaskiya. Faranti biyu masu wat 500, da inbata mai kyau, suna cika batirin babur a yini guda. Amma lokacin da rana take ƙwallewa, babur yana kasuwa, don haka sai ka tanadi batir na biyu, ɗaya yana sha a gida ɗaya yana aiki. Da hunturu ka riƙa goge ƙurar faranti. Da bazara kada ka jona batir yana da zafi daga dawowarka, kuma ka nisanta shi da rumbu da tarin karan dawa, don gobarar irin wannan batir ba ta saurin mutuwa.

Na huɗu ne ko na biyar, maƙwabta. Ranar da faranti ya hau rufi, kafin magariba yara sun jeru a zaure. "Baba ya ce a sa masa waya." "Inna ta ce ga tocila." Hajiya Babba ta aiko da rediyo, wa ya isa ya ce mata a'a? Kawunka zai zo da kansa da wayoyi uku, ya zauna a tabarma yana jiran su cika, yana tambayar nawa ka kashe. Ka sayi soket mai baki da yawa tun wuri, ka ware musu, in ba haka ba za ka tarar an zare cajar babur an jona fanka.

Sai wayar wuta. Ka ɗaga ta sama sosai, ka ɗaure a jikin azara, don akuyar gidanku ta riga ta gan ta.